Warin Takalmi

Duk wanda ya san cocin ƙauyen Bamgol ya san takalmin Fasto Pyo. Baƙi ne na fata, ko a ce a da can baƙi ne. Shekara goma sha tara yana takawa, an sake masa ƙasa sau bakwai, gefe da gefe duk faci. Ranar Lahadi, idan jama'a sun tuɓe nasu a bakin ƙofa sun jera a kan katako, sai su bar wa wannan takalmin fili shi kaɗai. Baƙin da ke zuwa daga manyan cocin birni har hotonsa suke ɗauka. Fasto sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai ba ne, ba komai ba ne." Amma bai taɓa mantawa ya ajiye shi inda ido zai faɗa a kai ba.

Dokar gidansa ɗaya ce: sabon abu ba ya shigowa. Abin da za su sa, daga riga har safa, yana fitowa ne daga babban kwalin da ke bayan ƙofar coci, inda ake zuba kwancen da mutanen birni ke aikowa. Kuma sai kowa a ƙauyen ya gama zaɓa sannan matar Fasto za ta leƙa. Sunanta Ok-bun, shekarunta hamsin da takwas, sai dai an daɗe ba a kira ta da sunan ba. Jama'a na ce mata Samonim, kamar yadda ake ce wa kowace matar fasto, shi kuma mijin Maman Hye-ran yake ce mata.

A ƙarshen sanyin wannan shekara takalminta ya rabe biyu. Da ta leƙa kwalin, abu biyu ta tarar. Akwai wani takalmi mai tsini, mai tauri, irin na 'yan matan ofis, wanda ya yi mata kaɗan. Akwai kuma wari ɗaya na ƙafar dama, ruwan ƙasa, mai laushi, kusan sabo. Ta zura ƙafa, ya zauna mata daidai kamar an auna. Ta juye kwalin kaf tana neman ɗan'uwansa, babu. Ta mayar da shi cikin jin haushi, ta ɗauki mai tsinin.

Ok-bun na da ciwon suga, kuma ya daɗe da kashe mata jin ƙafafu. Don haka ba zafi ne ya sanar da ita ba, safa ce. Ranar da aka shiga azumin kwana arba'in na kafin Ista, ta tuɓe safar hagu ta ga jini ya bushe a kai. Takalmin ya ci gefen ƙaramin yatsa, ya bar rami ɗan ƙarami.

Ta bari sai da ta jera wa Fasto shinkafa da miya da kimci, wato kabejin da aka tsima da barkono, a kan ɗan tebur, ya yi addu'a ya ɗauki cokali.

"Fasto," ta ce, don ko a ɗaka haka take kiransa, "takalmin nan ya ji mini ciwo. Ka ɗan duba."

"A kan abinci za ki miƙo mini ƙafa?"

"To in ka gama."

"Maman Hye-ran, yau muka fara azumi. Yau ɗin nan. Ubangijinmu ƙusa aka kafa masa a ƙafa, ke kuma takalmi ya ɗan goge ki har kin kawo ƙara?" Ya kurɓi miya. "Takalmi mutum yake saba wa. Nawa ma sai da ya ci ni wata uku."

Bai duba ba, ko bayan ya gama.

Cocin yana kan tudu, gidan Fasto yana gindinsa, tsakaninsu matakala sittin da biyu na siminti. Cikin kwanakin azumin ana sujada kowace asuba, ana tashi kuma tsofaffi su sha kunun shinkafa kafin su wuce gonakin tafarnuwa. Fasto ne ya ƙirƙiro wannan al'ada, kuma ana yaba masa a kai har a gundumomin maƙwabta. Mai dafa kunun, mai ɗora tukunyar a ka ta hau da ita, mai saukowa da kwanuka ta wanke, ba a cika ambatonta ba.

A mako na biyu Madam Gwak, shugabar zumuntar mata, ta lura da ɗingishin. Mace ce mai faɗin kafaɗa da faɗin murya, wadda ta ga zuwan fastoci huɗu da tafiyar uku. Ta ja Ok-bun bayan kicin ɗin coci ta sa ta tuɓe safar.

"Kai, Samonim! Wannan ɗan abin? Kakata da ƙafarta ta hau lauje, me aka sa mata?" Ta buɗe tulun da ke gefe, ta lakato daddawar waken suya da yatsa, ta cusa a ramin, ta ɗaure da tsumma. "Kwana uku, ki zo ki gode mini."

"An ce masu suga su kiyayi..."

"An ce, an ce. Masu cewar sun fi kakanninmu tsawon rai ne?"

Bayan kwana uku ramin ya faɗaɗa, bakinsa ya yi fari, ƙafar ta kumbura har takalmin sai da ƙyar. Ranar kasuwa, da Fasto ya tafi ziyarar marasa lafiya a ƙauyen ƙetare, Ok-bun ta saci jiki ta shiga ɗakin shan magani da ke kusa da tashar bas. Nas ɗin, wata matashiya mai suna Seol, ta kwance tsumman, ta duba, ta ɗago kai.

"Wa ya sa miki wannan?"

"Ai ni ce."

"Samonim, ki dube ni. Wannan ya fi ƙarfina. Yau za ki hau bas ki tafi babban asibitin gunduma, su kwantar da ke. Yau, ba gobe ba. In an yi sa'a yatsa kawai za a taɓa. Kuma wannan takalmin, ki jefa shi a kogi."

Ta wanke ciwon, ta rubuta takarda ta danƙa mata. Ok-bun ta fito ta tsaya a bakin titi. Bas ɗin ƙarfe biyu ya zo, ya buɗe ƙofa, direban ya dube ta. Ta tuna ba ta jiƙa shinkafar gobe ba, ba ta kuma nemi izini ba. Ta girgiza masa kai, ya rufe ƙofa ya wuce.

Da yamma ta miƙa wa Fasto takardar da hannu biyu. Ya sa tabarau, wanda aka ɗaure ƙafarsa da zare, ya karanta har ƙasa.

"Kwanciya. Na kwana nawa?"

"Ba ta faɗa ba."

"Ba za ta faɗa ba mana. Yarinyar da ko coci ba ta zuwa." Ya ninke takardar ya sa a cikin littafin waƙoƙi. "Ni ban hana ki asibiti ba, Allah ya sani. Amma ki yi tunani. Tsohuwa Bang bayanta a tanƙware yake, tana rarrafo matakalar nan kullum. Dattijo Yuk da huhu ɗaya yake waƙa. Su ga matar Fasto ta kwanta a gadon asibiti ana kai mata abinci a tsakiyar azumi? Da wane baki zan yi musu wa'azin ɗaukar gicciye? Bayan Ista ni da kaina zan raka ki."

"Saura kwana ashirin da shida, Fasto."

"Kin ga ashe ma ba yawa."

Shekara talatin da huɗu ta yi tana haɗiye magana, har maƙogwaron ya saba.

'Yarsu Hye-ran tana aiki a birnin Daegu. Da ta ji a waya muryar uwar ba daidai ba, ta matsa har ta ji labarin rabi-rabi. "Umma, kin san halin Baba, in na sa baki abin ƙaruwa zai yi," ta ce. "Aiki ya yi mini yawa yanzu, amma zan aiko da wani abu." Ranar Juma'a ɗan wasiƙa ya kawo kwali. Takalmi ne fari, mai faɗin baki, cikinsa kamar auduga, irin wanda ake yi wa masu ciwon suga. Ok-bun ta sa shi ta taka daga kicin zuwa ƙofa, ta dawo, ta sake zuwa. Ta zauna a dandamali tana shafa shi, sai ta ji tana dariya ita kaɗai.

Haka Fasto ya shigo ya same ta. Bai yi faɗa ba. Ai bai iya faɗa ba, shi ya sa ake ce masa salihi. Ya tsaya yana kallon kwalin mai sheƙi, ya yi ajiyar zuciya.

"Shekara talatin muna gina abu ɗaya, Maman Hye-ran. Rana ɗaya za ki rushe shi da farin takalmi."

"Magani ne, Fasto. Ba ado ba ne."

"Kowace sha'awa da sunan magani take shigowa."

Ranar Lahadi ya hau mumbari da kwalin a hammata. Ya yi wa'azi mai daɗi a kan sauƙin rayuwa, yadda Kirista ba ya riƙe abu da hannu biyu. Sannan ya ɗaga takalmin sama. "'Yarmu ta aiko wa mahaifiyarta wannan daga birni. Amma Samonim ta ce, ta yaya zan sa sabo alhali Tsohuwa Bang na yawo da na roba?" Coci ya ɗauki amin. Mata suka juyo suna kallon Ok-bun da idanu cike da ƙwalla. Tsohuwa Bang, wadda ƙafarta ko rabin takalmin ba ta cika ba, ta karɓa tana sunkuyawa, ta kai gida ta ajiye a saman kabad don kada ya yi datti.

Ok-bun ta sunkuyar da kai, aka ɗauka tawali'u ne. Baƙin ciki ne ya hana ta ɗagowa.

Daga mako na biyar abin ya fara wari. Ta riƙa sa safa biyu, sannan uku. Ta tsaga gefen takalmin mai tsini da wuƙa don ƙafar ta shiga. Matakalar da take hawa a numfashi uku ta koma sai ta huta sau shida, tukunya a ka, zazzaɓi na kaɗa ta. A cikin coci, inda kowa ke zaune a ƙasa kafaɗa da kafaɗa, sai ta ga fili na buɗewa a kewayenta. Ba wanda ya tambaye ta. Madam Gwak ce kawai ta raɗa mata a kunne, "Samonim, ki riƙa zama ta wajen taga. Kin san bakin mutane, kada a ce gidan Fasto ba tsabta."

Nas Seol ta zo har gida sau ɗaya. Fasto ya tarbe ta a tsakar gida da fara'a, ya ba ta shayin sha'ir, ya gode mata ƙwarai, ya ce an riga an tsayar da rana. Ok-bun na jin su daga kicin, wuƙa a hannu, kabeji a gaba. Ta so ta fito. Ta ji ƙarar ƙofar waje, ta ci gaba da yanka.

Washegari da rana ya ce mata, cikin taushin murya, ko za ta mayar da shimfiɗarta ɗan ɗakin ajiya na kwana biyu, don iskar ɗakin na hana shi natsuwa wajen addu'a. Ta naɗe katifarta ta kai can, tsakanin buhunan shinkafa da tulunan kimci.

Ranar Alhamis ta makon ƙarshe ita ce babbar ranar Fasto Pyo. A ranar yake ɗaura tawul a ƙugu, ya durƙusa ya wanke ƙafafun tsofaffi goma sha biyu, kamar yadda Yesu ya yi wa almajiransa. Bana har wata jaridar ikkilisiya ta turo mai ɗaukar hoto daga birni. Tun azahar Ok-bun ke dafa ruwa tana hawa da shi buta-buta, don Fasto ba ya son a wanke ƙafar tsoho da ruwan sanyi.

Da la'asar aka jera kujeru goma sha biyu a gaban bagade. Sha ɗaya suka cika. Dattijo Yuk tari ya kwantar da shi.

"Kujera ɗaya ba kowa, hoton ba zai yi kyau ba," in ji mai hoton. Ya waiga, ya ga mace tsaye da buta a jikin bango. "Wannan baiwar Allah fa?"

"Ai Samonim ce!" Madam Gwak ta tafa hannu. "Kai, wannan ya fi komai. Fasto ya wanke ƙafar matarsa! Maza, Samonim, zauna."

"A'a, don Allah. Ni ruwa nake zubawa."

"Kun ji ta ko? Kullum haka take, ba ta son a gan ta."

Aka yi dariya, aka karɓe butar, aka zaunar da ita a kujerar ƙarshe. Fasto ya taho da gwiwa daga ƙafa zuwa ƙafa, yana wankewa, yana sharewa, ana waƙa a hankali. Da ya iso gabanta sai ta miƙa ta dama, ta tura ta hagu ƙarƙashin kujera. Ya tuɓe safar, ya sa ƙafar a ruwan ɗumi. Hannunsa na da taushi. Rabon da ya taɓa ta haka har ta manta, sai hawaye ya zubo mata ba shiri. Fitilar kyamara ta haska.

"Yawwa! Ɗayar kuma," in ji mai hoton.

"Ta isa haka," ta ce.

Fasto ya yi murmushi don jama'a, ya jawo ƙafar hagun. Safa ta farko ta fita. Ta biyu ta fita da ƙyar. Ta ukun ta manne, ya ja, ta taho da abin da ta taho da shi. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin, baƙin ya haura har idon sawu, ruwa na tsiyaya cikin daro. Warin ya tashi ya cika gaban coci. Waƙar ta mutu layi-layi, daga gaba zuwa baya.

Ok-bun ta dubi mijinta. Wannan ne karo na farko da ya ga ƙafar. Ta ga fuskarsa ta yi fari, har ta ji tausayinsa ya kama ta. Sai ya fizge tawul daga ƙugu ya rufe ƙafar, ya matso da bakinsa kusa.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?" ya ce a hankali. "A gaban baƙo?"

Kafin ta sami abin cewa ya miƙe, ya juya ga jama'a, hawaye na bin kumatunsa. Hawayen gaske ne kuwa, abin da ya fi ciwo ke nan.

"'Yan'uwa, ku dubi abin da baiwar Ubangiji ta ɓoye! Kwana arba'in tana hawa tudun nan da wannan ƙafa don ku sha kunu, ko ni da muke gida ɗaya ba ta bari na sani ba. Ni wane ne da zan yi wa'azin tawali'u a gabanta?"

"Amin!" in ji Madam Gwak, da ƙarfi fiye da kowa. Coci ya ɓarke da kuka da addu'a, kowa na ɗaga murya. Suna cikin haka Ok-bun ta zame daga kujera. Mai hoton ne ya ajiye kyamara ya goya ta a baya, ya sauka matakala sittin da biyu, ya sa ta a motarsa.

Likitan bai ɓoye komai ba. Ya ce da ta zo makonni uku da suka wuce, yatsa ɗaya za a cire. Yanzu sai an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. An yi aikin ranar Juma'a. Hye-ran ta iso daga Daegu ta yi ta ihu a barandar asibiti, ta ce sai ta tona asirin kowa, ta ce uwarta ba za ta koma gidan nan ba. Ta yi kwana huɗu, wurin aiki suka kira, ɗakinta kuma ɗaya ne a hawa na biyar ba na'urar hawa. Ta tafi tana kuka, ta ce za ta san abin yi kafin kaka.

Jaridar ta fito da hoton a shafin farko: Fasto a durƙushe, ƙafar dama a cikin ruwa, matar na hawaye. Madam Gwak ta kawo mata har gadon asibiti, an riga an sa shi a firam. "Kin ga yadda kika yi kyau? Mutane daga Seoul sai waya suke yi, suna son zuwa su gan ku."

Tafarnuwa ta isa cira lokacin da aka sallamo ta. Aka sauke ta a tsakar gida da sanduna biyu, ta zauna a bakin dandamali, ƙafar wandon hagu a naɗe da fil. Daga inda take tana hango tudun da matakalarsa, da baƙi biyu a ƙofar coci sun sunkuya suna ɗaukar hoton wani abu a kan katako.

Fasto ya sauko da sauri, hannu ɗaya a baya, fuskarsa cike da murna irin ta mai albishir.

"Maman Hye-ran, kin san Ubangiji ba ya yin abu a banza. Wata nawa abin nan yana cikin kwali, kowa ya ɗaga ya ajiye, har na ce a zubar. Ashe ajiya ce aka yi miki."

Ya durƙusa a gabanta ya fito da shi. Warin takalmin nan ne, ruwan ƙasa, mai laushi, na ƙafar dama. Ya kama ƙafarta da hannunsa mai taushi ya zura mata, ya ɗaure igiyar, ya ja da baya yana kallo.

"Ya matse ki?"

Ok-bun ta dubi takalmin, ta dubi filin da ke gefensa.

"A'a, Fasto," ta ce. "Ya yi daidai."